Maciji Mai Doro

Ban taso da son maciji ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa yanzu ina son sa ba. A ƙauyenmu da ke gaɓar kogin Haɗeja, idan aka yi ihun maciji ba wanda yake tsayawa tambayar wane iri ne, kowa sanda yake nema. Da wannan tarbiyyar na zo Dubai, ina aikin ɗaukar hoton ƙashi a wani ƙaramin asibiti da ke unguwar Port Saeed. Na shekara huɗu lafiya lau, har ranar da wata abokiyar aikina ta ajiye mini akwatin gilashi a kan tebur.

'Yar ƙasar Filifin ce, ma'aikaciyar jinya. Aikinta ya ƙare ba a sabunta mata ba, jirginta saura kwana biyu. Ta sayar da katifa da tukwane da komai, saura abu ɗaya. Ta ce akwai mai saye da zai zo ranar Asabar, in taimaka in riƙe mata kwana biyar kawai. Da na leƙa sai na ga rabin ƙoƙon kwakwa a kife, wani ɗan kai ya leƙo daga ƙarƙashi yana wasa da harshe. Na ja da baya har na ture kujera.

Ta yi dariya, ta ce ai ba shi da dafi. Macijin masara ake kiran irinsa, a cikin ɗakin wani aka ƙyanƙyashe shi, bai taɓa ganin daji ba. Kaurinsa bai wuce yatsa ba, tsawonsa bai fi kamu ɗaya da rabi ba, launinsa ruwan goro da jajayen tabo. Duk wannan bayani bai shiga kunnena ba. Abin da ya sa na karɓa kunya ce. Lokacin da Baba ya rasu, wannan matar ce ta yi ta canza ranakun aikinta da na mutane har aka samo mini mako biyu na je gida. Ba ni da bakin ce mata a'a. Na ɗauki akwatin, da ɗan faifan ɗumi da ake jona wa wuta a sa a ƙarƙashinsa, da wata leda da ta ce abincinsa ne, in sa a firiza. Na shiga tasi ina ta salati a zuci.

A unguwar Hor Al Anz nake zaune, mu shida a filat guda. Ni na yi sa'a ina da ɗan lungu nawa da aka yanka da katako, har da ƙofa. Babbanmu wani dattijo ne ɗan zangon Kumasi, mai gadi a wani otal a Deira. Kawu muke ce masa. Da sunansa aka kama gidan, shi ke jan mu sallar Asuba a falo, shi ke raba faɗa a kan wanke-wanke. Shi kuma Dokta yake ce mini, ko da yake na gaya masa ya fi sau ashirin ni ba likita ba ne. Na shige da akwatin lunguna a lulluɓe da tawul, ban gaya wa kowa ba. Na ce ai kwana biyar ba wani abu ba ne.

Ranar Asabar mai sayen ya zo lokacin da Kawu yake wurin aiki. Wani saurayi ne Balarabe mai fara'a. Ya sa hannu ya ɗauko macijin kamar mai ɗaukar carbi, ya bi bayansa da yatsa, sai fara'ar ta gushe. Ya ce in matso in gani. A wuri biyu bayan ya karkace, ɗaya a tsakiya ya yi tozo, ɗaya can kusa da wutsiya ya lanƙwashe gefe. Ni kwana biyar yana ɗakina ban lura ba, don ban taɓa yarda na dube shi da kyau ba. Saurayin ya mayar da shi, ya ce ba zai saya ba, kuma ba ya jin akwai wanda zai karɓa ko kyauta. Ya ce masu kiwo idan suka ga irin wannan tun yana jariri suke kawar da shi. Ya yi mini sallama ya sauka.

Da ya tafi na ja kujera na zauna gaban akwatin. Macijin ya nufi kwanon ruwansa. Gabansa yana tafiya sumul, amma idan tafiyar ta iso kan tozon sai ta tsaya, bayan ya ɗan yi ja, sannan ya biyo kamar amalanke mai karkatacciyar ƙafa. Nan take na yanke hukunci a raina cewa dukan sa aka yi. Wani ya kwaɗa masa sanda bai mutu ba. Ban yi shakka ba ko kaɗan, don na san wannan tafiyar.

Ina ɗan shekara goma na taɓa saran wani baƙin maciji da fartanya a gonarmu. Na same shi a gadon baya, ya ja jiki ya shige ciyawa, ni kuwa na ruga wurin Baba ina ba da labarin jarumta. Baba bai yaba ba. Ya kama kunnena ya mayar da ni wurin, muka yi ta bin ciyawa har muka same shi yana juyi wuri ɗaya. Ya miƙa mini fartanyar, ya ce, "Ƙarasa shi. Ba a barin maciji da karyayyen baya. Ba zai iya farauta ba, tururuwa ce za ta cinye shi da ransa. Barin sa haka zalunci ne." Na ƙarasa shi ina kuka. Tun daga ranar na riƙe wannan a matsayin doka, kuma yanzu da Baba ba ya duniya dokar ta ƙara nauyi a raina.

Na aika wa mai macijin saƙo, ta riga ta isa ƙasarsu. Ta amsa cewa haka ta saye shi, kuma ta ɗauka mai sayen ba zai damu ba. Ta ce in yi abin da na ga ya dace, ta ba ni haƙuri da kalmomi masu yawa. Ban yarda da ita ba. Na ce a raina ƙila ƙofa ce ta datse shi take ɓoyewa. Raina ya ɓaci ƙwarai, da ita da ni kaina da na karɓi abin da ba nawa ba.

Kashegari da hantsi Kawu ya buɗe firiza yana neman kifinsa, ya zaro leda. Ina cikin lunguna na ji muryarsa ta cika gidan.

"Wa ke da bera a cikin firij? Innalillahi! Bera paa, bera sosai, kusa da kifi na!"

Na fito na ce nawa ne. Ya dube ni, ya dubi ledar, jariran ɓeraye ne guda bakwai a daskare. Ya ce, "Dokta, kai kana ci wannan?" Dole na buɗe ƙofa na ɗage tawul. Kawu ya tsaya a bakin ƙofar, bai shigo ba.

"Gida da ake salla," in ji shi, "ka kawo wannan abu. Ba zai zauna ba, khalas, magana ta ƙare. Ko ya fita, ko a kashe shi."

Na ce masa dama niyyata ke nan, ko yau ma. Sai ya ɗaga hannu ya ce a'a, ba a yin haka. Macijin da aka gani cikin gida ba a far masa kai tsaye, sai an yi masa gargaɗi kwana uku ya fita, don ba a san ko maciji ne ko wani ne ya sa rigar maciji ba. In ya wuce kwana uku yana nan, to ba laifin kowa. Na san da wannan, a garinmu ma malamai suna faɗa, sai dai ban taɓa ganin wanda ya tsaya ya yi ba. Na ce, "Kawu, ai akwatin a kulle yake, ta ina zai fita?" Ya harare ni, ya ce, "In aljani ne, gilashi ba zai hana shi ba koraa, ko kaɗan."

Haka kuwa aka yi. Litinin bayan sallar Asuba ya zo da carbinsa ya tsaya a bakin ƙofata, ya yi wa macijin magana da ladabi, ya haɗa shi da Allah ya bar mana gida lafiya. Macijin yana ƙarƙashin ƙoƙonsa, ko motsi bai yi ba. A wani lokacin da na yi dariya. Ranar ban yi ba, don na san kwana uku aka ƙirga masa.

Da na tashi aiki na kai shi wurin likitar dabbobi, don ba zan iya ɗaukar sanda a cikin filat ba, kuma gaskiya ba na jin zan iya ko a waje. Likitar ta ce bari a ɗauki hoto tukuna. Da hoton ya fito na matsa kusa, tunda sana'ata ce. Na bi ƙashin bayan gaɓa-gaɓa ina neman karaya. Ƙashin da ya karye ya warke yana barin shaida, wani kumburi inda ya ɗinke, kullum ina ganin irinsa a jikin leburori. Babu shi a nan. Gaɓoɓin ne suka fito a karkace, wasu sun manne da juna. Ba wanda ya buge shi. Tun yana cikin ƙwai haka aka ƙera shi, kuma na yi wa baiwar Allah nan mummunan zato a banza.

Na tambayi likitar ko yana jin ciwo. Ta ce ba za ta iya rantsuwa ba, maciji ba ya kuka. Abin da ake dubawa shi ne ko yana ci, ko abincin yana wuce wurin karkacewar, ko yana iya yin saɓa. Ta ce wasu masu irin wannan suna rayuwa shekara goma sha biyar ko fiye, wasu kuma da sun girma abin ya tsananta. In na zaɓi allura za ta yi masa ba tare da ya wahala ba, in na zaɓi riƙewa za ta nuna mini yadda ake yi. Ta ce ba wanda yake kuskure a ciki. Wannan magana ta ba ni haushi. Na zo ne a gaya mini abin da zan yi, aka mayar mini da kayana.

Na tsaya na yi tunani irin na mai hankali. Bizata ta shekara biyu ce, ana sabuntawa ko a ƙi, na ga yadda aka yi wa mai macijin. Ba zan shiga jirgin Kano da maciji ba. Ba mai karɓar sa. Kawu ya riga ya yanke. Na ce ta rubuta mini ranar Laraba da la'asar, ranar da kwana ukun za su cika.

Amma hoton ya ƙi barin idona. A cikin tasi ina riƙe da akwatin a cinya, na gane inda na san wannan lanƙwasar, kuma ba a gona ba ne.

Ina da ƙanwa da ban taɓa ba kowa labarinta ba a Dubai. An haife ta ina ɗan shekara bakwai, da bayanta a murɗe. Ba ta taɓa zama ba, ba ta taɓa magana ba. In tana son ta matsa sai ta ja ciki a kan tabarma. Mata suka fara raɗa cewa ba mutum ba ce, 'yar ruwa ce. Wata rana wata tsohuwa ta zo har tsakar gidanmu ta ba Inna shawara, wai a kai ta bakin kogi a ajiye da ƙwaryar fura, a juya baya a taho. Wai da an ba da baya za ta rikiɗa ta zama maciji ta shige ruwa wurin danginta. Ina zaune a gindin turmi ina ji. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta tashi ta ɗauko takalman tsohuwar ta kai mata su zaure, ta tsaya har ta fita.

Yarinyar ta yi shekara goma sha ɗaya a duniya. Kullum safiya Inna za ta ɗora ruwa, ta wanke ta, ta bi duk inda fatar bayan ta ninke ta goge ta shafa mai don kada ya yi gyambo. Wani lokaci takan ce in riƙe mata ita. Nakan riƙe, amma fuskata na kallon katanga. Kunyarta nake ji. Na taɓa gaya wa abokaina a makaranta cewa ba ni da ƙanwa. Na girma na yi karatun ƙashi, na ga bayan mutane ɗaruruwa a kan allo, amma bayan ƙanwata ban taɓa dubawa da kyau ba har aka binne ta. Wannan abu yana cina har yau.

Talata da safe Kawu ya dawo ya yi gargaɗinsa na biyu. Wannan karon macijin yana waje yana ƙoƙarin hawa kan ƙoƙon. Ya hau rabi, tozon ya hana shi, ya zamo, ya sake. Kawu ya gama maganarsa amma bai tafi ba. Ya ce, "Dokta, me ya samu bayan shi?" Na ce haka aka haife shi. Ya ce, "Allah sarki," ya ja carbinsa ya tafi shirin aiki.

Da la'asar na kira Inna. Ban yi niyyar gaya mata ba, amma ta ji muryata ta ce me ke damuna. Da na ce maciji ne a ɗakina cikin akwati, sai ta sa salati, ta yi mini tas. Ta ce karatun da na yi ke nan, in je ƙasar mutane in zama gardi? Ta ce in Baba yana da rai da ya ci mini mutunci. Na bar ta ta gama, sannan na ce gobe ma za a yi masa allura, don doro gare shi, haka ya fito daga ƙwai.



"Yana ci?" in ji ta.

Na ce mai shi ta ce yana ci, ni dai ban ba shi ba tukuna.

"Kwana nawa yana hannunka ba ka ba shi abinci ba, kuma har ka san ya gaji da duniya?"

Na ce ba kullum suke ci ba, Inna, sai mako-mako. Ta ce to in ba shi in gani. Sannan ta ambaci ƙanwata, abin da ba ta cika yi ba. Ta ce, "Ni ban san iyakar ciwon da take ji ba, ba ta da bakin faɗa. Mutane suna ta ce mini wahala take sha. Amma kullum na kawo koko takan buɗe baki. Da wannan nake ganewa. Ranar da ta daina buɗewa, ba wanda ya gaya mini."

Na ce, "Inna, ko da yana ci, wa zai riƙe shi in aikina ya ƙare? Ba gidana ba ne nan."

Ta ce, "Kana tsammanin ni na san wanda zai riƙe ta in na riga ta? Shekara goma sha ɗaya da wannan tunanin nake kwana." Ta yi ajiyar zuciya, sai muryarta ta koma ta faɗa. "Ni dai ban ce ka riƙe maciji ba. Kuma kada ka kuskura ka shigo mini da shi gida."

Ina ajiye wayar na ɗauko ɓera ɗaya, na jiƙa shi a ruwan ɗumi kamar yadda mai shi ta nuna mini, na kama shi da hantsaki na miƙa. Macijin ya zaro harshe sau biyu, ya kau da kai, ya shige ƙarƙashin ƙoƙonsa. Na jira, na sake miƙawa har sau uku. Bai buɗe baki ba. Na yi mamakin yadda abin ya dame ni, alhali amsar da nake nema ce tun farko. Baba ya ce a ƙarasa, awon Inna ma ya nuna haka. Na zubar da ɓeran na wanke hannu.

Laraba bayan Asuba Kawu ya zo gargaɗi na uku. Bai kai ga farawa ba ya kira ni. "Dokta, zo ka gani. Ya makance." Na duba. Idanun macijin sun yi fari-fari kamar an zuba musu ruwan nono, jan jikinsa ya dushe ya koma toka-toka. Kawu ya shigo har cikin lungun, karo na farko. Ya ce mutuwa ce take zuwa, ya taɓa ganin idon akuya ya yi haka. Ni ma haka na ɗauka. Ya yi gargaɗin nasa a gajarce, murya ƙasa-ƙasa, sannan ya ce yau yana hutu, zai raka ni. Na ce ba sai ya wahala ba. Ya ce, "Yalla, mu je, ba a kai gawa mutum ɗaya."

Da muka isa, likitar ta riga ta shirya allurar a kan faranti. Na gaya mata ya ƙi ci, kuma ya makance. Ta ɗaga murfin ta duba, sai na ga tana danne murmushi. Ta ce ba makanta ba ce, saɓa zai yi. Kowane maciji idan zai sauya fata idonsa yakan yi haka, kuma yawancinsu ba sa cin abinci a lokacin. Nan da mako guda ko fiye zai tuɓe tsohuwar fatar. Ni da Kawu muka dubi juna. Mu biyu mun kashe macizai ba iyaka, mun tsinci saɓarsu a jikin danga, amma ba wanda ya taɓa zama da maciji mai rai har ya san haka.

Likitar ta ce wannan bai canza komai game da bayansa ba. Doron yana nan, kuma wataƙila saɓar ta maƙale a wurin. Ta ce shawara tana hannuna, allurar ga ta nan.

Na juya wurin Kawu, don gidansa ne. Ya shafa gemunsa, ya ce, "Kwana uku ya cika, bai tafi ba. Ke nan ba aljani ba ne. Maciji ne kawai, kuma gurgu." Ya ce shi dai ba ya son sa, ba zai taɓa son sa ba. In zan riƙe, sai in sayi ɗan firjina, in sa kwaɗo a ƙofa, in gaya wa sauran 'yan gida da bakina. "Kuma ranar da za ka tafi Najeriya, kar ka bar mini shi. Na gaya maka yanzu gaban likita."

Ke nan ba wanda ya ɗauke mini nauyin. Duk dalilan da na lissafa ranar Litinin suna nan, ba wanda ya ragu. Na dubi allurar, na dubi akwatin. Abin da na sani kawai shi ne ban ba shi dama ya buɗe baki ba, na tambaye shi a ranar da ba zai iya amsawa ba. Na ce wa likitar ta mayar da allurar. Ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce ban tabbata ba, amma ta mayar.

Bayan kwana tara ya yi saɓar, kuma ta maƙale kamar yadda aka faɗa. Wata Juma'a ce da safe. Fatar ta tuɓe daga kai har tsakiya, ta tattare a kan tozon kamar hannun riga, yana ta goga jiki a jikin ƙoƙo ta ƙi wucewa. Na zuba ruwan ɗumi a roba na sa shi ciki na ɗan lokaci. Sannan na jiƙa tsumma, na ɗauko shi da hannuna. Ban taɓa taɓa maciji mai rai ba sai ranar. Na ɗauka zan ji santsi, sai na ji shi a bushe, da ƙarfi, yana naɗe mini yatsa don kada ya faɗi.

Na bi bayan da tsumman a hankali. Da na iso tozon na ji gaɓoɓin a ƙarƙashin yatsana, waɗanda na gani a hoto, ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani ɗan lungu a gefen lanƙwasar inda tsohuwar fata ta manne, sai da na sa ido sosai na bi shi da gefen tsumman kafin ta saki. A irin wannan wurin ne Inna takan daɗe tana gogewa, tana ce mini in riƙe da kyau. Wannan karon ban kalli katanga ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, ina zaune a ƙasa da maciji a hannu. Kawu ya leƙo ya gan ni, ya ja mini ƙofar.

Bayan kwana biyu na miƙa masa ɓera. Ya zaro harshe, ya ɗan ja kai baya, ya cafke. Na zauna ina kallon kumburin yana gangarawa cikin jikinsa. Da ya iso tozon sai ya tsaya. Macijin ya miƙe, ya lanƙwasa, ya sake miƙewa. Sannan kumburin ya motsa ya wuce. Na kira Inna na gaya mata. Ta ce, "To," ta shiga ba ni labarin kuɗin taki.

Yau shekara ɗaya da wata uku ke nan. Ya ƙara tsawo, doron ma ya ƙara fitowa, kuma duk saɓa sai na taimaka masa. Na sayi ɗan firjin, na sa kwaɗon. Mutum ɗaya a gidan ya daina cin abinci tare da ni, ban ga laifinsa ba. Kawu har yanzu "wannan abu" yake kiran sa, amma in na yi dogon aiki shi ke tambayata ko na canza masa ruwa. Ban yar da maganar Baba ba. Lambar likitar tana cikin wayata, kuma ranar da abinci ya ƙi wucewa ko ya daina karɓa ba zan bar shi ya yi ta juyi wuri ɗaya ba.

Bizata saura wata tara. Ban san ko za a sabunta ba, ban san wanda zai riƙe shi ba in ba a yi ba, kuma wannan tunanin ba ya barina. Kowace Juma'a in na dawo daga masallaci nakan jiƙa ɓera a ruwan ɗumi, in kama da hantsaki, in miƙa, in jira. Har yau gabana yana faɗuwa a wannan ɗan lokacin. Ya zuwa Juma'ar da ta wuce dai, yana buɗe baki.